Yadda za ka shiga muhawarar halatta injin caca in ta iso majalisar jiha

Tun ranar 22 ga Nuwamba 2024 maganar caca ta bar hannun gwamnatin tarayya ta dawo hannun jihohi. Ranar ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar loteri ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a kan jihohi, iyakacinta Abuja. Toh kaga ke nan yanzu mutum 24 ɗin nan da ke zaune a majalisar dokokin Filato su ne masu cewa a buɗe ko a rufe, a ƙara ko a rage. Mu kuma nan Jos ba Kano ba ce da Hisbah za ta fito ta sa kwaɗo a shago, Filato ba ta cikin jihohi 12 masu shari'a, jiha ce da kowa da addininsa kowa da yarensa, kuma gwamnati kullum neman inda za ta ƙara kuɗin shiga take. Duk ranar da wani kamfani ya ɗauko takarda ya ce a ba shi lasin ya zuba injinan caca a shaguna, zai samu masu sauraronsa. Shi ya sa gara mutum ya san yadda ake wannan muhawarar tun ba ta zo ba, don a wasu ƙasashe an shekara sama da 30 ana yinta kuma kusan maganganun guda ne.

Ni dai ba na ɓoyewa, ba na son injin nan ya shigo unguwanninmu. Amma ƙin abu daban, iya hana shi daban.

Fara da sanin injin kansa, don wallahi da yawa masu zaginsa ba su san yadda yake aiki ba, shi ya sa lauyan kamfani ke kayar da su cikin minti biyu. Abin da Turawa ke kira VLT akwati ne mai allo kamar na ATM, ka sa kuɗi ka danna, hotuna su juya su tsaya, ko a raba maka kati a allo, nan take ka ci ko a cinye ka. Bambancinsa da injin gidan caca shi ne an haɗa shi da babbar kwamfuta ta hukumar loterin jiha, ita ke lissafa duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita, kuma ba a wani katafaren gidan caca ake ajiye shi ba, a mashaya ne da gidan abinci da gidan mai. Wannan na ƙarshen shi ne asalin rigimar. Gidan caca sai ka shirya ka tafi, shi kuwa wannan shi ke zuwa ya same ka a bakin layinku.

Za su ce maka injin yana mayar wa 'yan wasa kashi 90 cikin 100, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki biro mu yi lissafi. A ce kowane dannawa naira 200 ne, kuma mutum na dannawa duk bayan daƙiƙa 6, wato sau 600 a awa. Kuɗin da ya bi ta cikin injin a awa ɗaya ya zama naira 120,000 ko da kuwa da dubu ashirin kacal ya shigo, saboda abin da ya ci shi yake ƙara mayarwa. Kashi 10 na wannan, naira 12,000, ya tafi ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne, kaga awa shida a gaban injin ta ishi albashin wata. Kamar mai auna masara ne da mudun da aka bubbuga gindinsa, awo ɗaya ba ka ganin giɓin, amma in aka yi ta juya masarar nan daga buhunka zuwa nasa ana dawo maka da ita sau ɗari, sai ka ɗaga buhu ka ji ba nauyi. Wannan lissafin ka haddace shi, ya fi maka dogon jawabi amfani.

Sannan akwai dabarun da aka gina a ciki. Ka sa 200 ya dawo maka da 80, sai allo ya ɗau walƙiya da kiɗa kamar ka ci, alhali 120 ka rasa. Ko hotuna biyu su dace na ukun ya tsaya dab da layi, zuciya ta ce saura kaɗan, alhali lambar da kwamfuta ta zaɓa ba ruwanta da dannawar baya, kowace dannawa sabuwa ce fil. In kana son ganin ɗan'uwan wannan abu ba sai ka je Amurka ba, leƙa kowane shagon bet wajen Taminus ko titin Bauchi da rana tsaka lokacin da ba a buga wasan Turai, za ka ga matasa tsaye sun ƙura wa talabijin ido suna kallon ƙwallon da kwamfuta ke bugawa, wasa ya ƙare cikin 'yan mintuna a buga wani, ƙasa duk tikiti a yayyage, ɗan keke ya faka a waje da kuɗin balas a aljihu yana cewa bari ya gwada na ƙarshe. Wanda ya sa kuɗi a wasan Asabar dole ya jira Asabar, ya kwana ya tashi, wataƙila hankalinsa ya dawo. Shi injin ba ya ba ka wannan jiran. Saurin shi ne cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, ba wai rashin tarbiyya ne kawai ba.

Abu na biyu, ka san hujjar ɗaya ɓangaren yadda su da kansu za su faɗe ta, kar ka raina ta. A jihar Misuri ta Amurka an shekara da shekaru ana kawo ƙudurin halatta injin nan majalisa, kuma babbar hujjar masu so ita ce: injinan ai suna nan a gidajen mai da ƙananan shaguna, ba lasin ba haraji ba mai duba shekarun yaro, toh me zai hana a halatta a sa musu ido a karɓi haraji a zuba a makarantu? Irin wannan maganar za ka ji a nan, za a ce ai yaranku na buga bet a waya dare da rana, gara a yi a fili gwamnati ta samu wani abu. In ka ce musu ƙarya ne ka faɗi, don kowa ya san gaskiya ne. Amsar da za ka ba su tambaya ce: waɗanda ake da su yanzu ba bisa ƙa'ida ba, wa ya hana a kama su? In hukuma ta kasa rufe shago goma marasa lasin yau, da wane ma'aikaci da wace mota za ta sa ido a kan inji dubu gobe? Kuma ka lura da wani abu da ya faru a Misurin, cikin masu yaƙar ƙudurin har da manyan gidajen caca, ba don tsoron Allah ba, don kar a raba musu kasuwa ne. Ka san wanda ke tsaye kusa da kai da abin da ya kawo shi, kar a wayi gari kana yi wa wani ɗan caca yaƙi kyauta.

Yanzu sai ka nemo ƙudurin kansa. Ba labarin rediyo ba, ba abin da aka tura a gurup ɗin WhatsApp ba, takardar da kanta. Ofishin akawun majalisa ko ofishin ɗan majalisar mazaɓarka nan ake samu, in an ja ka a ƙasa ka bi ta hannun ɗan jarida mai ɗauko rahoton majalisa, su ba sa rasa kwafi. Kar sunan ƙudurin ya ruɗe ka, da wuya ka ga kalmar caca a kai, sai dai ka ga hukumar wasanni da loteri, ko gyaran dokar tara kuɗin shiga, injin yana can ciki a wani sashe da ke fassara ma'anar kalmomi. A nan za ka fara karatu. In ba ka da Turancin doka ka samu yaro ɗan sashen shari'a na Jami'ar Jos ku zauna da shayi ku bi shi layi-layi.

Abin da kake nema a ciki lambobi ne. Inji nawa aka yarda a shago ɗaya, kuma nawa a jihar gaba ɗaya? A Amurka jihar Dakota ta Kudu ta tsaya a 10 kowane lasin, jihar Ilinoi ta fara da 5 ta koma 6 a 2019, lardin Albata a Kanada ya sa iyakar 6,000 a faɗin lardin. In ƙudurin bai faɗi adadi ba ya ce hukuma za ta tsara daga baya, toh a nan za ka kafa ƙafa, don duk abin da aka bar wa hukuma ta tsara daga baya a ofis za a tsara shi tsakaninta da kamfani, ba kai a wurin. Nawa ne mafi yawan abin da za a iya sawa a dannawa ɗaya? Mita nawa tsakanin shagon da makaranta, da masallaci, da coci, da tashar mota? Wannan a Jos ba ƙaramar magana ba ce, unguwa kamar Gangare ko Unguwar Rogo ko Dilimi ka yi taku hamsin ba ka wuce Islamiyya ko firamare ba ai da wuya, in aka sa tazara ta gaske kusan babu inda injin zai zauna, su ma sun sani, shi ya sa za su so a bar wurin a buɗe. Ƙarfe nawa ake rufewa? Wa zai duba shekaru, kuma da me, da lambar NIN ko da kallon gemu? An hana mai shago ba da bashi? An hana ajiye mai POS a cikin shagon? Wannan na POS ɗin mutane na mantawa da shi, alhali tashin da mutum zai yi ya fita neman kuɗi shi ne kaɗai lokacin da iska ke bugunsa ya tuna da gida.

Sai rabon kuɗin. Wa ke ɗaukar nawa tsakanin jiha, da ƙaramar hukuma, da kamfanin da ya kawo inji, da mai shago? A Ilinoi da aka yi dokar a 2009 harajin kashi 30 ne, jiha 25 ƙananan hukumomi 5, saura na kamfani da mai shago. A Dakota ta Kudu jiha rabi take ɗauka. Ka duba ko an ware wani kaso a rubuce don jinyar waɗanda caca ta kama, da albashin masu sa ido. In babu, an bar wa iyaye da matan aure ɗawainiyar ke nan.

Maganar kuɗin shiga nan ne za su fi ƙarfi, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Za a kawo adadi mai ƙiba a ce ga abin da jiha za ta samu duk shekara. Tambaya ta farko, wa ya yi lissafin, kamfanin ko ma'aikatar kuɗi? A Ilinoi an yi hasashen dala miliyan 300 a shekara, har aka ɗora bashin manyan ayyuka a kan wannan fatan, sai ga shi injinan ma ba su fara aiki ba sai 2012, kuma an ɗau shekaru kafin kuɗin ya kusanci abin da aka faɗa. Tambaya ta biyu ita ce wadda nake so kowa ya riƙe: in jiha za ta samu naira biliyan 1 a harajin kashi 30, nawa ke nan sai mutanen Filato sun yi asara? Sama da biliyan 3. Ba baƙi ne daga Legas za su zo su buga a Rikkos ba, namu ne, kuɗin da da zai je wajen mai kayan miya a Farin Gada, da tela, da kuɗin makaranta, shi ne zai faɗa injin, sama da biyu bisa uku ya wuce aljihun kamfani da mai shago. Kuma kuɗin ba daidai yake fitowa daga kowa ba. Hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnatin Ostireliya, ƙasar da injin nan ya cika ko'ina, ta ƙiyasta a rahotonta na 2010 cewa kusan kashi 40 na kuɗin da ake kashewa a injinan daga hannun waɗanda caca ta riga ta zame musu ciwo yake fitowa. Wato kasuwancin a kan marasa lafiya yake tsaye.

In suka ce a gwada, in bai yi ba a soke, ka ba su labarin Dakota ta Kudu. Ita ce jihar farko a Amurka da ta fara a 1989. Sau huɗu maganar na zuwa gaban masu ƙuri'a, 1992 da 1994 da 2000 da 2006, duk sau huɗun injin ya tsira, don kafin nan kuɗinsa ya zama ɗaya daga cikin manyan abin da kasafin jihar ke dogaro da shi, duk wanda ya ce a cire sai a tambaye shi da me za a cike ramin. Karolina ta Kudu ta iya cire nata a watan Yulin 2000 bayan injinan sun haura 30,000, amma sai da aka kai ga kotun ƙolin jihar. Gwamnatin da ta ɗanɗana wannan kuɗin ba ta sakinsa da daɗin rai, balle namu da albashi ma sai an jira kason Abuja.

Toh ina za ka kai duk wannan? Ƙuduri na bin karatu na ɗaya, na biyu, sai a miƙa wa kwamiti, kwamitin ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo a yi karatu na uku a aika wa gwamna. Wurinka shi ne tsakanin karatu na biyu da zaman jin ra'ayi. Wanda ya jira sai an yi na uku sannan ya hau Facebook yana Allah ya isa, ya makara. Ka rubuta takardar matsaya, shafi biyu ya isa, da Turanci tunda shi ne yaren majalisa, ka ambaci lambar sashen da kake magana a kai da abin da kake so a yi da shi, a goge ko a canza zuwa kaza. Ka kai wa sakataren kwamiti kafin ranar, ka tsaya a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, kar ka yarda da "ajiye nan za mu duba". Ranar zaman ku je da wuri, don wakilan kamfani da hukumomi su ake fara kira, su cinye lokaci da majigi da kwat, kafin a zo kan jama'a ciyaman ya fara duba agogo yana cewa minti uku-uku. Minti ukun nan kar ka ɓata shi a gaisuwa da kirari, ka ce ranka ya daɗe ciyaman, ka faɗi sunan ƙungiyarku, ka shiga lissafin nan na naira 200.

Ga kuma abin da ya fi komai muhimmanci a garin nan. Mu Musulmi hukuncin caca a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, malamai su yi ta faɗa a mumbari, aikinsu ne. Amma in aka shiga zauren majalisa da wannan hujjar kaɗai, kuma duk masu hula ne a layi ɗaya, cikin kwana biyu za a juya maganar ta zama wai Hausawan Jos ta Arewa na son kawo shari'a Filato, shikenan an bar zancen inji an koma tsohuwar rigima, kamfani na gefe yana murmushi. Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda abu kaɗan ke komawa can. Saboda haka tun farko a nemi fastoci, su ma yaransu ne a shagunan nan na Bukuru da Tudun Wada, a nemi matan zumunta, da shugabannin 'yan keke da suka san yawan yaran da mai keke ya ƙwace wa makulli saboda balas ya tafi a bet, da ƙungiyar malaman makaranta, da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya ne. In da hali wanda zai fara magana a madadinku ya zama uwa ce, ko fasto da liman su tashi tare su miƙa takarda ɗaya. Ɗan majalisa ƙuri'a yake ƙirgawa, in ya ga abin ya ratsa kowace mazaɓa jikinsa zai yi sanyi. Kuma ku same shi a ofishin mazaɓa ku biyar ko shida kafin zaman, cikin mutunci, Onarabul ga abin da muke so, ga kwafi, za mu zo mu ji yadda za ka tsaya.

Wani abu da sai kun yi shawara a kansa tun a gida, don yana raba kan mutane: in kuka ga ƙudurin zai wuce ko kuna so ko ba kwa so, za ku tsaya a kan a'a ɗinku ku fita, ko za ku zauna a rage masa kaifi? Wasu za su ce gyara dokar caca ai yarda da ita ne. Na fahimce su, amma ni ina ganin a yi duka biyun, a rubuta ƙarara ba mu yarda ba, sannan a ce in har majalisa ta nace toh ga sharuɗɗa. Na farko a ba kowace ƙaramar hukuma cikin 17 ɗin ikon cewa ban da yankinta, Ilinoi ta yi haka kuma birnin Shikago ya shekara da shekaru bai bar injin ya shiga ba. Sai ƙaramin adadi a dannawa, Birtaniya sai da ta rage na injinan shagunan bet daga fam 100 zuwa fam 2 a Afrilun 2019 bayan an sha wuya, gara a fara daga ƙasa. Norwe kuwa a 2007 ta kwashe injinan 'yan kasuwa gaba ɗaya, daga baya ta kawo na kamfanin gwamnati da ba ya aiki sai da katin mutum, kuma in ka kai iyakar asarar rana ko ta wata ya rufe maka. A ƙara da cewa dokar ta mutu da kanta bayan 'yan shekaru sai in majalisa ta sake zama ta sabunta, kuma hukuma ta riƙa buga adadin injina da kuɗin da aka yi asara a kowace ƙaramar hukuma duk wata uku kowa ya gani. Kamfani zai fi yaƙar katin nan da iyakar asara fiye da komai, daga nan za ka gane inda ribarsa take.

In majalisa ta wuce da shi duk da haka, sashe na 100 na tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi sai majalisa ta samu biyu bisa uku, wato mutum 16 cikin 24, kafin ta tsallake shi. Takardar nan taku mai hatimi ku sake buga ta, ku sa hannun duk ƙungiyoyin, ku kai gidan gwamnati da ofishin kwamishinan shari'a a satin farko, ku ba gidajen rediyo kwafi a ranar.